Ranar da Muka Je Saundin Aka Tarbe Mu da Lasifika

Kai mai jar hula, kai ne ka ce aikin rijiyar burtsatse ba aiki ba ne ko? Wai inji ke haƙa, mu namu shan rake a inuwa. Na ji ka sarai, kunnena bai mutu ba tukuna. Matso kusa, ku ma ku matso, in ba ku labarin wata kalma ta Turanci da ta so ta ba mu kunya, kuma ita ce ta zo ta fid da mu. Saundin. Ku da kuka yi boko ku riƙe ta a ranku, za mu dawo kanta.

Ni ba da inji na fara ba. A Mairuwa na tashi, hannun ƙanen babana, Baba Mati, shi ya koya mani haƙar rijiya ta hannu. Kayan aikinmu kaf bayan keke muke ɗaure su: diga mai gajerar ƙota, shebur da aka rage wa tsawo don rami ba shi da faɗi, bokitin jan ƙasa, igiya, sai wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi da ya ce ya gada wurin nashi maigidan. Na daɗe ban taɓa diga ba. Jan ƙasa kawai nake daga sama, kuma in na kuskura tsakuwa ta faɗa mashi a ka, in ya fito sai na gane kurena.

Abin da ya fara koya mani kunne ne. Sai ya bugi bangon rami da ƙotar diga, ya ɗago kai ya ce, "Iro, me ka ji?" In ce ban ji komi ba, Baba. Ya ce, "To kai ba mahaƙi ba ne, ɗan kallo ne." Ƙasa mai ƙarfi amsawa take, ƙwas-ƙwas. Wadda ke shirin rufta maka kuwa, sai ka ji ta luf, kamar ka bugi buhun dusa. Wanda bai rarrabe waɗannan biyu ba, ba ya tsufa a wannan sana'a.

Shi kuma ƙarfen nan, na awon ruwa ne. In an gama rijiya, ko wani maigida ya kira mu ya ce ruwanshi ya ja baya, sai a ɗaura shi a igiya a zura sannu a hankali. Kana sauraro. Da ya taɓa ruwa za ka ji cuɓul. Ka ci gaba da saki har igiya ta yi sako-sako, ƙarfe ya zauna. Sai ka jawo, ka buɗe hannuwanka biyu ka auna inda ta jiƙe, gaba nawa ne. Ba ƙarya a ciki, igiya ba ta san Alhaji ba, ba ta san talaka ba.

Masu ba da aiki kuwa, mun ga iri-iri. Akwai wani Alhaji a Faskari da ya kafe sai a haƙa mashi daf da shadda, wai don kada a ɓata mashi filin ajiye mota. Baba Mati ya dube shi ya ce, "Alhaji, in na haƙa nan, kai za ka fara sha ko ni?" Ya kwashe kayanshi muka fito. Sai bayan kwana biyu Alhajin ya aiko a ba shi haƙuri.

Sai muguwar shekarar nan ta zo, lokacin Baba Mati ya riga ya rasu. Damina ta ɗauke da wuri, rijiyoyi suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya. Ka haƙa, ka haƙa, har hannunka ya fashe, ka je ka tarar da dutse yana jiranka. Ga hanyoyin daji sun lalace da ɓarayi, ba mai son shiga ƙauye da sassafe ko ya kai yamma. Aiki ya tsaya cak. Ni da ake nema har gida, na koma dakon buhunan masara a kasuwa. Wallahi abin ya yi mani ciwo, ba zan ɓoye maku ba.

A nan Ƙanƙara na haɗu da Injiniya Kabiru, mutumin Funtuwa, mai motar haƙa. Dogo ne, ga ban dariya, ba ya iya jera magana uku bai jefa Turanci ba. Ya ji labarina wurin wani direba, ya ce in zo yana son wanda ya san ƙasa da hannu. Ranar farko ya gan ni na zura igiyata cikin wata tsohuwar rijiya, sai ya ce, "Malam Iro, ka san sunan abin da kake yi?"

Na ce, "Awon ruwa."

Ya ce, "Turawa saundin suke ce mashi. Masu jirgin ruwa ma haka suke yi a teku, su jefa dalma a igiya don kada jirgi ya hau tudu."

Na ce, "Tabɗi! Ashe shekara da shekaru Turanci nake yi ban sani ba."

Bayan kwana kaɗan ya gan ni ina ƙwanƙwasa bututu ina sauraron ko ya tsage. Ya ce wannan ma saundin ne, likita ma in ya buga ƙirjinka da yatsa yana saurare, shi yake yi. Da muka je gidan mai, yaron gidan man ya zura sanda cikin tanki, ya ce ga wani saundin ɗin. Na ce, "Haba Injiniya! Turawan nan kalmomi ne suka ƙare masu?" Ya ce ai ban ga komi ba, sai na ga nashi.

Nashi ɗin kuwa shi ne babba, kuma shi ne ku ba ku gani in kun zo kallon inji. Kafin a kafa inji sai an saurari ƙasa. Akwai wani akwati mai batir, da turakun ƙarfe, da doguwar waya naɗe a ƙarfe. Turaku biyu na nan kusa da akwati. Biyu kuma mutane ke ɗauka, ɗaya ya yi gabas ɗaya ya yi yamma, suna jan waya. A kafa, akwati ya tura wuta cikin ƙasa, Injiniya ya duba yadda ta amsa. Jiƙaƙƙiyar ƙasa na barin wuta ta wuce, busasshen dutse tare ta yake. A cire turaku, a ƙara nisa, a sake. Duk yadda kuka yi nisa, haka akwati ke jin abin da ke can ƙasa da zurfi. In aka yi garaje a nan, inji ko na wane ne, ƙura zai fitar.

To, aikin da nake son ba ku labari, a wani ƙauye ne can bayan Ruwan Godiya. Ba zan faɗi sunanshi ba, don har yau maƙwabta na yi masu tsiya. Wanda ya zo neman mu wani manomi ne, Malam Hamisu, dattijo mai kunya, ba ya ɗaga murya. Ruwa ya gagare su. Matanshi da ɗiyanshi tun asuba suke fita da jarkoki bisa jaki, sai rana ta take su dawo da abin da ko tuwo bai isa ba. An taɓa kawo masu inji, aka haƙa ba saundin ba komi, aka tarar da dutse aka tafi. Wannan karon 'yan garin da ke zaune birni suka haɗa kai suka ce a gwada sau ɗaya, in ba a dace ba shi ke nan.

Malam Hamisu ya gaya mamu gaskiya. Ya ce ƙanenshi Sani ya samar mashi ɗaki biyu a Sabuwa, kayan ɗaki ma an fara ɗaurewa. In rijiyar nan ba ta yi ba, zai kwashe iyali ya bar gonar da ubanshi ya share da hannu. Ya ce, "Ba so nake ba, Injiniya. Amma ba zan zauna ina kallon mata suna ƙarewa a hanya ba."

Ana saura kwana biyu mu je, Injiniya ya kira shi a waya. Layin na tsinkewa, don haka ya gajarta: "Malam, ranar Laraba muna tafe saundin. A share wuri, a tara mamu mutane."

Malam Hamisu bai san kalmar ba, kuma kunya ta hana shi tambaya. Sai ya kira Sani, tunda shi ne ɗan birni. Sani kuwa sana'arshi bayar da hayar lasifika, biki da suna da wa'azi duk shi ake kira a Sabuwa, kuma a bakin masu wannan harka, kayan sautin nan saundin suke ce masu. Yana ji ya ce, "Saundin? Yaya, ai a gida aka zo! Bar mani komi."

Ranar Laraba muka taho cikin ƙaramar motarmu, da akwati da wayoyi. Tun daga bakin busasshen rafin garin muke jin kiɗa. Direba ya ce ko biki ake yi, mun zo a sa'a. Muna shan kwana sai ga rumfa, ga kujeru jere, ga manyan lasifiku ɗaure a jikin bishiya, janareto na ta ruri, mata na ta fama da tukwane. Gari kaf ya fito, kowa da rigar sallarshi. Sani na ganinmu ya ɗaga makirufo: "Jama'a, ga injiniyoyi sun iso! A yi masu tafi! Injiniya, ga saundin nan an haɗa, ka ji yadda yake fita kuwa?"

Injiniya ya dube ni, na dube shi. Ya yi ƙoƙarin daurewa, ina! Dariya ta kama shi har sai da ya zauna bisa gaban mota yana share hawaye. Ni ma ban tsira ba. Amma da na waiga na ga fuskar Malam Hamisu, sai na daina dariyar. Ya gane an yi kuskure, kuma a gaban garinsu duka. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Injiniya, ko ba wannan kake nufi ba?"

A nan na san Injiniya ɗan halak ne. Ya miƙe, ya kama hannunshi ya ce, "Malam, ba ku yi kuskure ba. Wannan ma saundin ne, nawa dai daban yake. Kuma tunda kun tara mani gari, akwai wani saundin ɗin da ya kamata a fara da shi."

Na ce a raina, wani kuma?

Ya karɓi makirufo, ya sa aka kashe kiɗa. Ya ce a Turanci, in za ka yi abu ka fara jin ta bakin mutane, shi ma sunanshi ke nan. Ya ce duk wanda ya san inda aka taɓa samun ruwa a garin nan, ko inda ƙasa ke daɗewa da danshi, ya zo ya faɗa.

Kai, zo ka ga gardama! Mai unguwa ya ce ƙofar gidanshi ta fi dacewa, don nan ne tsakiya. Wani ya ce bayan masallaci. Kowa ruwa na ƙarƙashin ƙofarshi. Can sai wata tsohuwa ta ratso maza da sandarta, Inna Delu, gwaggon Malam Hamisu. Ba ta taɓa riƙe makirufo ba, ta kafa baki ta ƙwala sallama da dukkan ƙarfinta, har kaji suka watse. Sani ya ce, "Inna, ba sai kin ɗaga murya ba, shi ke ɗagawa."

Ta ce, "Rufe mani baki, tun ba a haife ka ba nake magana." Sannan ta ce lokacin tana amarya, can gangaren gonar Hamisu suke ɗibar yumɓun tukwane. In suka yi rami da safe, kafin la'asar sai su tarar ya tara ruwa, ko da bazara ne. Ta ce maza ba su sani ba don ba wanda ya taɓa tambayar mata.

Injiniya ya ce za a gwada ƙofar mai unguwa, a gwada bayan masallaci, a gwada wurin Inna, akwati ya raba gardama.

Biyun farko ba su ba mu wahala ba, fili ne, muna ganin juna. Kuma duk biyun dutse akwati ya nuna. Da muka gangara gona sai matsala ta taso. Dawa ta yi tsayi ta fi mutum, ba a kai ga yanka ba. A ka'ida, mu masu turke muna kallon Injiniya ne, in ya ɗaga jan ƙyalle sai mu saki ƙarfe, don lokacin zai tura wuta, kuma wutar nan ba ta wasa. Yau ga dawa ta rufe mu. Waya ba layi. Iska kuma na kwashe murya. Ni ina ɓangaren yamma, na yi nisa, ina ta ihu ba mai ji na.

Sai kawai na ji sama ta tsage da muryar Sani: "Malam Iro na yamma! Injiniya ya ce ka saki turke, wuta na zuwa! Na gabas, kai ma ɗaga hannunka!" Ashe Injiniya ya sa an kai janareto can nesa don kada ya rikita mashi akwati, an juyo da lasifiku suna fuskantar gona. Haka muka yi aikin nan har ƙarshe, Sani na shela kamar mai sanarwar ɗaurin aure. "Ƙara gaba! Tsaya nan! Buga! Saki!" Wallahi tunda nake aikin nan ban taɓa yin saundin mai daɗin wannan ba. Muka gama, muka ci shinkafarmu da nama.

Injiniya ya daɗe yana duba abin da ya samu. Ya ce wa Malam Hamisu, "Akwai alama a wurin Inna, amma da zurfi, kuma ba zan yi maka alkawari ba. Sannan motar haƙa ba za ta shiga ba sai an sare dawar nan, kuma ba za mu iya jiran kaka ba, akwai masu jiran inji."

Dawa ce da ta fid da kai, saura kaɗan ta nuna. In ruwa bai fito ba, ya rasa dawa ya rasa ruwa. Malam Hamisu ya shiga gida ya fito da adda, shi ya fara sara da hannunshi.

Da muka dawo da inji, gari ya sake taruwa, amma wannan karon ba kiɗa. Inji ya kama ci. Farar ƙura, farar ƙura, duk muka koma kamar an tsoma mu a gari. Aka ƙara jona ƙarfen haƙa, aka ƙara. Can ƙurar ta sake launi, ta yi duhu, ta fara dunƙulewa a hannu. Na murza na ce wa Injiniya akwai danshi. Muka jira ruwa ya yi tsartuwa sama kamar yadda kuke gani kuna ihu. Bai yi ba. 'Yar laka kawai ta fito, ƙarafanmu kuma suka ƙare. Mutane suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, ba mai kallon wani.

Injiniya ya ce wani ruwan ba ya zuwa da gudu, tsattsafowa yake ta tsagar dutse. A sa bututu, a rufe baki, a bar ta ta kwana. Malam Hamisu ya ce, "To, Allah ya sa." Sai ya ƙara da cewa gobe Sani zai biyo da mota, zai kai lasifiku bikin suna a wani ƙauye gaba, in ya dawo sai ya fara kwashe masu kaya.

Da safe na ɗauko igiyata da ƙarfen Baba Mati. Kafin in buɗe bakin bututu an yi mani zobe, kowa na turo kai yana son ya ji. Bututun ko faɗin kwano bai kai ba, wa zai ji me? Ana cikin haka motar Sani ta tsaya, lasifiku ɗaure a baya. Ya diro ya ce, "Malam Iro, dakata, don Allah!" Ya jona lasifika ɗaya da batirin mota, ya jawo waya, ya durƙusa ya kanga makirufo a bakin bututu.

Na yi bismilla na fara saki. Wurin ya yi tsit. Ba abin da kake ji sai gogar igiya a jikin bututu, sarr, sarr, tana fita ta lasifika. Malam Hamisu na tsaye gefena, yana kallon kututturan dawar da ya sare. Na riga na sa a raina sai igiya ta kusa ƙarewa kafin in ji wani abu, in ma akwai.

Ko rabi ban saki ba.

Cuɓul!

Ta fita ta lasifikar nan har cikin gidaje. Inna Delu ce ta fara guɗa, sauran mata suka amsa. Na ci gaba da saki, ina saki, har ƙarfe ya zauna. Na jawo ina aunawa da gaba, igiya jiƙe sharkaf, ina aunawa ba ta ƙarewa. Injiniya ya ce ba mai ambaliya ba ce, sai an wanke ta an gwada, amma wannan ta ishi famfon tuƙa-tuƙa har da ragi.

Malam Hamisu ya kama igiyar ya matse ta a tafin hannu, ya shafa ruwan a fuska. Sani ya taɓa shi ya ce, "To Yaya, kayan fa? In na dawo a loda?"

Malam Hamisu ya manta makirufo na hannun Sani, kuma ba a kashe shi ba. Ya ce a hankali, yadda ya saba magana, "A'a. Je ka gaya masu cikin gida su kwance kayan." Gari kaf ya ji. Mutumin da bai taɓa ɗaga murya ba, ranar har bakin rafi an ji shi.

To, mai jar hula, ka ji aikin shan rake. In kana so, gobe ka zo da wuri, zan ba ka turken yamma ka ja waya cikin ƙaya, mu ga inda za ka kai.

Bara na bi ta garin nan a kan mashin. Malam Hamisu na nan, dawarshi ta sake rufe gangaren, an bar 'yar hanya zuwa famfo. Na tsaya ina gaisawa da shi sai ga wata mata ta fito da bokiti, maƙwabciyarta ta leƙo ta kan danga ta ce, "Ina za ki?" Ta ce, "Za ni Saundin in ɗebo ruwa." Ashe sunan da suka sa wa famfon ke nan. Na kira Injiniya na gaya mashi. Sai ya ce, "Malam Iro, wannan kam ko Turawan ba su da shi."